Littafin da Na Aro a Wurin Sista

Aikina tun ranar da aka ɗauke ni shi ne zuba lambobi a kwamfuta. Sashen tsare-tsare ne na wani ofishin lafiya a nan cikin Bauchi, ɗaki ɗaya mai tebur huɗu da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. Duk ƙarshen wata ƙananan asibitoci sukan aiko da takardunsu: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, yara nawa aka yi wa rigakafi. Ni kuwa in zauna in kwafe. Shekara shida ina wannan, ban taɓa taka ko ɗaya daga cikin asibitocin da nake kwafe lambobinsu ba, ban kuma taɓa jin wani abu ya rage ni ba.

A shekara ta bakwai, da faɗuwar damina, aka aiko mana wani masani daga Abuja. Mutum ne mai fara'a, ɗan kudu, mai son tsayawa gaban allo. Ya ce abu ɗaya ake son sani a ƙasa gaba ɗaya: kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga ina suke fitowa, hannun wa da wa suke bi, ina suke sauka, me kuma suke saya. Na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma, na masu ba da agaji daga waje, har da wanda talaka ke zarowa daga aljihunsa. Kowace jiha ta bi diddigin nata, a haɗa a can sama. Ya ce ba farautar ɓarawo muka fito ba, sani kawai ake so, kuma ba sunan kowa da zai shiga rahoto. Na rubuta wannan magana a littafina, har na ja layi a ƙarƙashinta.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Karo na farko ke nan da aka ba ni aikin da ake tashi daga kan kujera a yi shi. Rabona ya faɗa a kan kuɗin gudanarwa, wato ɗan abin da ake ware wa kowane ƙaramin asibiti duk wata uku don gyare-gyare da sayen ƙananan kayan aiki. Asibiti takwas aka ba ni a kewayen gari. In fara daga inda kuɗin suka fito, in bi su har inda suka tsaya.

A sama komai daidai yake. An amince, an fitar, an buga hatimi. Daga nan sai na je wurin akantan da kuɗin ke bi ta hannunsa kafin su isa asibitocin. Ya karɓe ni da girmamawa, ya aika aka sayo mini lemo mai sanyi, ya jero fayil takwas a gabana, kowanne an ɗaure shi da zare. Bauca, wato takardun biya, da rasit a jere: kwanon rufi, fenti, safar hannu, man janareta. A ƙasan kowace takarda ga sa hannun shugaban asibitin, shaidar cewa ya karɓa. Abu ɗaya kawai na lura da shi. Rasit na shago uku daban-daban ne, amma duk wanda ya rubuta su iri ɗaya yake ratsa lamba bakwai, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar jelar kunama. Na rufe fayil ɗin. Na shanye lemona, na gode masa.

Ranar da zan je asibiti na uku, direban ofis ya ce ba mai a mota. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Miri, daga nan na ɗauki acaɓa muka ratsa ta cikin gonaki, dawa ta kai gwiwa, hanya duk laka. Fayil na rungume a ƙirji, a ciki an ce an sake wa asibitin rufi wata huɗu da suka wuce.

Ɗaki uku ne da baranda. Abin da na fara gani da na shiga shi ne baho biyu na roba a tsakar ɗakin haihuwa, an ajiye su daidai inda rufin ke yoyo. A bayan gini ga janareta, kaji sun mai da shi wurin kwana. Bangon kuwa bai ga fenti ba tun da aka gina shi.

Shugabar wurin ungozoma ce, kowa Sista yake ce mata. Doguwa ce mai furfura a gaban goshi, Kirista, 'yar kudancin jihar nan, shekararta goma sha ɗaya a wannan asibiti. Hausarta irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "ka" ne. Ta dubi fayil ɗin da ke hannuna kafin ta dubi fuskata.

"An kawo wani fam ɗin kuma," ta ce. "Ka zauna, Malama. Ina zan sa hannu?"

Na ce ba sa hannu na zo nema ba, tambaya na zo yi. Na yi mata bayani irin na masanin Abuja, har da ɗaga yatsa. Ta saurare ni tana goge almakashi da auduga. Duk abin da na tambaya, amsa ɗaya: "Yadda takarda ya ce." An gyara rufi? Yadda takarda ya ce. An kawo mai? Yadda takarda ya ce. Na nuna mata bahon da ke ƙasa, ta ɗaga kafaɗa.

Ina shirin tattara kayana sai muka ji babur ya tsaya da ƙarfi a waje. Wani magidanci ne da matarsa a tsakiya, wata dattijuwa ta riƙe ta ta baya. Matar ta haihu a gida da safe, jini ya ƙi tsayawa. Zaninta ya jiƙe har yana ɗiga a kan taya. Ban taɓa ganin jini mai yawa haka ba, ni da na shekara shida ina rubuta yawan masu haihuwa.

Sista ba ta yi ihu ba, ba ta tambayi mijin ko ya zo da kuɗi ba. Suka kwantar da matar. Sista ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta buɗe shi da makullin da ke rataye a wuyanta: safar hannu, sirinji, ledojin ƙarin ruwa. Daga wata kula mai ƙanƙara ta ciro allurar tsayar da jini. Abokiyar aikinta ta tafi rigakafi a ƙauyuka, ba kowa sai ni. Ta miƙo mini ledar ruwa.

"Ka riƙe wannan. Ka ɗaga sama. Kada ka sauke ko hannunka zai karye."

Ba abin rataya leda a ɗakin, don haka ni na zama abin ratayar. Na tsaya hannu a sama, ina kallon Sista tana murza cikin matar da ƙarfi, tana kiran sunanta, tana ce mata kada ta yarda ta yi barci. Hannuna ya yi tsami, ya mutu, ya sake farfaɗowa. Mijin yana baranda yana salati. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can dai Sista ta miƙe, ta share goshi da bayan hannu, ta ce jini ya tsaya. Ni sai na zame na zauna a ƙasa kusa da bahon yoyo.

Bayan an wanke wuri, matar ta samu barci, Sista ta zubo mini ruwa a kofi. Daga nan ta daina ce mini Malama.

"'Yata, ka tambaye ni rufi," ta ce. "Duk wata uku akanta yana aiko takarda. Wurin kuɗi a buɗe, ba a rubuta komai. In na sa hannu, a ba ni ambulan. Abin da ke ciki, in na sayi sabulu da kananzir da tsintsiya, ya ƙare."

"In kin ƙi sa hannu fa, Sista?"

"Na taɓa ƙi. Wata biyar ana kuskure a albashina."

Na tambaye ta, to kayan da ke cikin akwatin nan daga ina? Ta dube ni sosai, sannan ta tashi ta ɗauko wani littafi irin na 'yan makaranta, mai bangon kwali, an naɗe shi a leda.

Asusu ne ta kafa da matan ƙauyen, da sanin mai unguwa. Duk wadda ta zo awo takan ajiye naira ɗari biyu. Wadda ba ta da shi ta kawo mudun wake ko gyaɗa, Sista ta sayar ranar kasuwa. In kuɗi sun taru ta shigo gari, wurin wani ɗan kudu mai shagon magani a wajen Wunti da ke ba ta a farashin sari, ta cika akwati. Ƙanƙara kuwa daga Miri ake kawo mata, da kuɗin aljihunta. Dalilinta ɗaya ne: in sai naƙuda ta zo za a rubuta wa miji takarda ya tafi gari sayayya, kafin ya dawo an yi abin da za a yi.

Na buɗe littafin. Kowane shafi an ja masa layi da rula. Suna, rana, abin da aka kawo: ɗari biyu, ɗari biyu, mudu ɗaya na wake, ɗari da hamsin saura hamsin. A ɗaya ɓangaren, abin da aka saya, kowane rasit an maƙale shi da allura. A ƙarshen kowane wata ga sa hannunta, ga ɗan yatsan mai unguwa.

"Me ya sa kike rubutawa haka dalla-dalla?" na ce.

"Don kada wata rana a ce na ci."

Makonni na yi ina juya takardu masu hatimi, wannan ne lissafi na farko da na gani wanda na tabbata gaskiya ne. Kuma shi ne daidai abin da masanin Abuja ya ce ya fi wuyar samu: abin da talaka ke biya daga aljihunsa. Na hango kaina a gaban taro ina nuna shi, ana gyaɗa kai. Wannan ma gaskiya ce, kuma sai na faɗe ta.

Na roƙe ta ta ara mini kwana biyu in yi hotonsa. Ta ƙi. Ta ce a takarda awo da haihuwa kyauta ne, wanda bai san wurin ba zai yi masa wata fassara. Na ce ai shi ya sa ya kamata a gani, don a san abin da ke isowa ba ya isa. Na buɗe littafina na nuna mata layin da na ja a ƙarƙashin maganar masani.

"Wallahi, Sista, suna ba ya shiga. Ba abin da zai same ki. Na ɗauki wannan a wuyana."

Ta daɗe tana kallon ledar. Sannan ta miƙo mini da hannu biyu.

Na yi hoton kowane shafi a wani shago kusa da ofis, har da bangon, wanda ke ɗauke da hatimin asibitin. Ban yi tunanin cire shi ba. Na mayar mata da littafinta a rana ta biyu kamar yadda na yi alkawari, ta ba ni ɗanyar masara a leda.

Da na gama zagaye asibitoci takwas, na zauna na yi jadawali mai layi biyu. A hagu abin da takarda ta ce an bayar, a dama abin da na tarar ya iso. Ba ko ɗaya da biyun suka yi kusa da juna. Na haɗa da hoton littafin a matsayin shaida, na kai wa shugaban sashenmu. Dattijo ne mai sanyin murya, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya karanta a tsaye, ya je ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Malama, kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma ƙirga aka aike ki, ba shari'a ba. Layin nan na dama, wa ya sa masa hannu?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Abin da na gani ne da abin da suka faɗa mini."

"To, na hagu yana da hatimi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Bar mini su, zan duba yadda za a yi."

Na bar masa duka, jadawalin da hoton littafin.

Bayan mako uku aka kira taron tantance rahoto a wani otal a GRA. Ɗaki mai sanyi, ruwan gora a gaban kowa, da hantsi aka kawo masa, wato waina, da miya da soyayyen nama. Akantan nan yana sahun gaba, ya ɗago mini hannu. Aka yi ta nuna lambobi da majigi. Na jira jadawalina, sai na ga layin hagu kaɗai ya fito. Na dama babu shi.

Masanin Abuja ne ya tsaya. Ya ce akwai abin da bai gane ba. Takardu sun nuna ƙananan asibitoci suna samun kuɗinsu cif, amma masu binciken da suka bi gida-gida sun dawo da labarin cewa mutane su ke sayen komai da kansu. Ina gaskiyar take?

Babban jami'in da ke shugabantar taron ya yi murmushi. Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma alhamdulillahi binciken nan ya gano amsarta. Gwamnati tana bayarwa, amma akwai ɓata-garin ma'aikata da ke tatsar talakawa a ƙasa. Ya ce suna da shaida. Ya yi wa mai majigi nuni.

Rubutun Sista ne ya cika bango. Ɗari biyu, ɗari biyu, mudu ɗaya na wake. Shafin kuɗin da aka karɓa kawai aka nuna, ba a nuna na abin da aka saya ba. Daga nan sai bangon littafin da hatiminsa, kowa ya karanta sunan asibitin. Wani ya ce subhanallahi, har wake! Aka yi dariya.

Ina zaune a sahu na huɗu. Na san abin da ya kamata in faɗa, kalma-kalma. A buɗe shafi na gaba. A tambaye ni abin da na gani a ɗakin haihuwar nan. A dubi lamba bakwai a rasit ɗin akanta. Hannuna ya taso daga cinyata. Shugaban sashenmu ya waiwayo ya dube ni. Bai harare ni ba, bai girgiza kai ba, kallo ne kawai. Hannun da ya taso sai ya wuce ya ɗauki gorar ruwa. Na sha. Da aka tashi na bi layi, na sa hannu, na karɓi ambulan ɗin alawus ɗina.

Washegari na shiga ofishin shugaban sashenmu na ce an yi zalunci. Ya ce shi bai ba kowa don a yi haka ba, sama aka nemi duk takardun aikin, shi kuma ya miƙa.

"Kuma ke kika kawo, Malama. Ba wanda ya aike ki ɗauko littafin mutane."

Na koma gida na rubuta takarda shafi uku zuwa ga masanin Abuja, na zayyana komai. Na karanta wa mijina, malamin sakandare ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce gaskiya ce, in aika, in ma kora ce Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba. Na ji haushinsa ranar. So na yi ya hana ni. So na yi ya ce in tuna kuɗin makarantar yara da kuɗin haya, in samu wanda zan jingina wa. Bai ba ni wannan ba. Takardar ta zauna a jakata, yau zan aika, gobe zan aika, har ta yage a wurin naɗi. Masanin ya koma Abuja. A cikin watan sunana ya fito a jerin masu jiran ƙarin girma.

An ba Sista takardar tuhuma, aka kafa kwamitin mutum uku. Akantan shi ne sakatare. Ba a kira ni ba, ni ma ban kai kaina ba. Na ji cewa mai unguwa ya zo da dattawa biyu don su yi bayani, aka ce musu maganar ma'aikata ce, ba ta sarauta ba. Hukunci ya fito: an rage mata mataki ɗaya, an mai da ita wani asibiti can bakin iyakar jiha, kuma ta mayar wa kowace mace abin da ta karɓa a wannan shekara.

Ranar da take mayarwa na je. Ban san abin da ya kai ni ba. Dawa ta riga ta fitar da kai. Na tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya a gaban asibitin, tebur a gabanta, littafin a buɗe, mata sun zagaye ta da goyo da ciki. Kuɗin an riga an sayi kaya da su tuntuni, don haka awakinta uku ta sayar ta cike. Tana kiran suna, mace ta matso, ta ƙirga mata, ita kuma ta dangwala yatsa. Wadda ta kawo wake a ba ta kuɗin mudu. Da yawa sun ƙi karɓa. Wata ta jefar da nata a kan tebur tana kuka, ta ce ita ba bashi ta bayar ba. Na gane ta, ita ce wadda na riƙe wa ledar ruwa, jaririnta a baya. Sista ta kama hannunta, ta danƙa mata kuɗin, ta danna yatsanta a tawada da kanta.

Na jira har aka watse. Na matsa na durƙusa.

"Sista, ki yafe mini. Ban san haka za su yi ba."

Ba ta ɗago ba, tana rufe tawada.

"Ka ce suna ba ya shiga."

"Haka aka faɗa mana."

"Kana wurin da aka nuna shi?"

Na ce ina wurin.

"Me ka ce?"

Na dubi ƙasa. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsa.

"Ni ban ji haushin akanta ba," ta ce. "Shi bai taɓa rantse mini ba. Asibiti nawa ka je? Takwas. Duk suna karɓa a hannun mutane, dole ne, in ba haka ba da me za a yi aiki? Amma ba wanda ya rubuta sai ni. Wanda bai rubuta ba, da me za a kama shi?" Ta naɗe littafin a ledarsa. "Ka tashi, ƙasa da laka. Ka tafi kafin hadarin nan ya sauko."

Wanda aka kawo a madadinta ya ji labarin abin da ya faru, don haka bai taɓa karɓar ko sisi ba, bai kuma ajiye littafi ba. In mace ta zo da naƙuda, ya yagi takarda ya rubuta wa miji abin da zai sayo a gari. Ba wanda ya taɓa ba shi takardar tuhuma. Ko mata nawa wannan tafiya ta ci, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. A takardun ƙarshen wata da suka ci gaba da zuwa teburina, abin da na gani shi ne masu haihuwa a wurin suna raguwa. Na kwafe yadda aka aiko.

Rahoton ya fito bayan shekara guda, mai bango mai sheƙi, da hoton wata uwa tana murmushi. A wani shafi an yaba wa jiharmu saboda ɗaukar mataki a kan karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Sunana yana shafin godiya. An ba ni kwafe biyu. Akantan ya gama gininsa a hanyar Gubi, na je walimar tarewa tare da 'yan ofis, na ci shinkafa. Shugaban sashenmu ya yi ritaya lafiya, aka yi masa liyafa, ni na karanta jawabin ban kwana. An sake yin irin wannan bin diddigi sau biyu tun daga lokacin, na biyun ni na jagoranta. Na iya aikin sosai yanzu. Na san tambayar da ake yi da wadda ake bari.

Shekara tara ban sa Sista a ido ba. Bara, da hantsi, na fito daga ofishina sai na gan ta zaune a kan benci a baranda, cikin tsofaffin ma'aikata masu bin haƙƙinsu na ritaya. Furfura ta cinye kan duka, ta rame, tana riƙe da fayil a leda. Shekara biyu ke nan da ta ajiye aiki ba a fara biyanta ba. Na gaishe ta, ta amsa da ladabi. Na tambayi abin da ya tsayar da takardun, ta ce ita ma ba ta sani ba, kullum a ce ta dawo.

Na karɓi lambar fayil ɗin. Kwana huɗu na yi ina binsa daga tebur zuwa tebur, har na same shi a ƙasan wata durowa. Tsohuwar takardar tuhumar nan ce ta riƙe shi: ba a taɓa rubuta cewa ta mayar da kuɗin ba. Na nemi wanda zai rubuta, na tsaya a kansa, na kai wa mai sa hannu da kaina. A cikin mako biyu aka gama abin da ya gagara shekara biyu. Na aika aka kira ta.

Ta shigo ofishina ta tsaya, sai da na ce ta zauna sau biyu. Na miƙa mata takardar, na ce ƙarshen wata za ta ga kuɗinta. Ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa. Ni kuwa ina jira. Na shirya maganar da zan yi in ta buɗe mini ƙofa ko kaɗan.

"Na gode, Hajiya. Allah ya saka," ta ce. Ta buɗe jakarta. "Nawa ake bayarwa?"

Na ce haba Sista, ba komai, wallahi ba komai. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa ma'aikacin da ke jan ciniki. Ta zaro ɗari biyar guda biyu, ta shimfiɗa su a kan teburina, ta danne da abin huda takarda don kada fanka ta ɗauke. Ta ce in yi haƙuri, ba yawa, sai an fara biya. Ta ɗauki ledarta ta fita.

Na bi ta har bakin ƙofar ofis ina kiranta. Ta riga ta tsayar da keke, suna ciniki da mai keken a kan naira hamsin. Ya yarda, ta shiga, suka tafi.